Rasit Ba Ya Ƙarya, In Ji Wa?

Gaisuwa ga 'yan uwa na Sabo da Bodija da Akinyele, da na Agege da Mile 12 a Ikko, har zuwa mutanenmu na Anacha da Fatakwal. Yau ba maganar farashin kaya ko ta siyasa zan yi ba. Maganar kuɗin taimako ce, da kuma mutumin da ake ɗora wa alhakin duba yadda aka kashe su, wato odita. Na san wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da aikin 'yan boko masu ɗaure wuya. To, a yi haƙuri a biyo ni sannu a hankali, za a ga cewa mu ne ma a tsakiyar maganar.

Mai karatu zai iya tuna annobar Ebola ta 2014. Mu nan Nijeriya Allah ya taƙaita mana. Patrick Sawyer ya sauka Ikko da ita daga Laberiya ranar 20 ga Yuli, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma ta rasa ranta, aka ƙare da mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu. Abin da yawancinmu muka fi tunawa shi ne daren da aka yi ta tashin mutane wai a yi wanka da ruwan gishiri. Amma a Gini da Saliyo da Laberiya abin ba wasa ba ne, sama da mutum 11,300 ne suka tafi. 'Yan sa kai na ƙungiyar agaji ta Red Cross su ne suka riƙa ɗaukar gawa suna binnewa a lokacin da ɗa ke tsoron taɓa gawar uwarsa. A wasu ƙauyukan har jifansu aka yi.

To, a ƙarshen 2017 uwar ƙungiyar ta duniya, IFRC, ta fito da bakinta ta ce daga cikin kimanin dala miliyan 124 da suka bi ta hannunta don wannan aiki tsakanin 2014 da 2016, wajen dala miliyan 6 an yi rub da ciki da su. A Saliyo, wasu ma'aikatanta ne suka haɗa baki da ma'aikatan banki suka riƙa wasa da farashin canji, aka yi asarar dala miliyan 2.13. A Gini, wani kamfani mai fito da kaya daga kwastan ya riƙa kawo takardun biya na aringizo da na bogi, wajen dala miliyan 1.17. A Laberiya kuwa dala miliyan 2.7 ne, ta hanyar ƙara wa kayan agaji farashi da cuwa-cuwa a albashi da alawus ɗin 'yan sa kai. Wato wani na can yana haƙa kabari cikin rigar leda a tsakar rana, wani kuma na ofis yana cin kuɗi da sunansa.

Abin da nake so a lura da shi a nan shi ne, babu wanda ya fasa sito da dare. Babu wanda ya tare mota da bindiga. Duk kuɗin nan da takarda suka fita. Akwai takardar neman kaya, akwai ta farashi, akwai rasit, akwai sa hannu, akwai hatimi. In da za ka buɗe fayil ɗin, sai ka ga komai tsaf kamar littafin ɗalibi mai ƙoƙari. Shi ya sa nake dariya in na ji ana cewa a wurin taro, "Ai ga rasit nan, an rufe magana." Duk wanda ya taɓa zama a rumfa ya san littafin rasit ana buga shi a kowane lungu, hatimi kuma kafin ka gama shan shayi an sassaƙa maka.

Ga wani misalin da ya fi kama da sana'armu. A 2016 ofishin bincike na hukumar USAID ta Amurka, wadda aka rufe a 2025, ya gano wani gungu na 'yan kasuwa da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji a Turkiyya, waɗanda ke sayen kayan da ake tsallakawa da su Siriya don 'yan gudun hijira. Ma'aikacin cikin gida zai tsegunta wa ɗan kasuwa farashin da sauran suka bayar, a shirya wanda zai ci kwangilar tun kafin a buɗe ambulan, sannan a raba riba. Kayan kuma in sun zo ba su ne aka yi ciniki a kai ba. Akwai ɗan kwangilar da ya kawo ƙunshin abinci, a inda ya kamata a sa adas, wato wani ɗan ƙaramin wake da Larabawa ke miya da shi, sai ya zuba gishiri. Nauyi ya cika, takarda ta cika, cikin mai gudun hijira ne kawai bai cika ba. A kan wannan aka dakatar da wasu ayyukan manyan ƙungiyoyi, shugaban ƙungiyar GOAL ya ajiye aiki a watan Oktoba na shekarar, a 2021 kuma ƙungiyar IRC ta biya gwamnatin Amurka dala miliyan 6.9 don a kashe maganar, wani tsohon jami'in sayen kaya ya sami ɗaurin wata 40.

Mu da muka tashi cikin buhunan wake, ai wannan algus ne, ba wani sabon abu ba. Mai kyau a baki, tsakuwa da ƙaiƙayi a gindi. Bambancin kawai shi ne wancan da Turanci aka rubuta shi.

Yanzu tambayar da kowa zai yi: ina oditocin suke? Irin waɗannan ƙungiyoyi ai kowace shekara ana duba littattafansu. Amsar ita ce, duba littafi na shekara-shekara daban, binciken ƙwaƙwaf daban. Oditan shekara aikinsa ya tabbatar lissafin da aka gabatar ya yi daidai da takardun da ke ƙasa. Ba duka zai duba ba, tsinta zai yi, ya ɗauki wannan ya bar wancan. In takarda ta yi daidai da takarda, sai ya sa hannu. Ɓarawon da ke sashen sayen kaya kuwa babu abin da ya iya kamar daidaita takarda da takarda, don abincinsa ke nan. Ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE da ke Amurka tana fitar da rahoto duk shekara biyu. A na 2024 ta nuna cewa kashi 43 cikin 100 na zambar da aka kama a wuraren aiki, wani ne ya tsegunta, kuma fiye da rabin masu tseguntawar ma'aikatan wurin ne. Wadda oditan waje ya kama da kansa kashi 3 ce kacal. Wato direba da mai gadi da yaron sito sun fi mai jaka da kwat kama ɓarawo nesa ba kusa ba.

Shi mai binciken ƙwaƙwaf ba daga takarda yake farawa ba, daga shakka yake farawa. Yadda yake aiki abin sha'awa ne, kuma mafi yawansa hankali ne irin na kasuwa. Doka a yawancin ƙungiyoyin agaji ita ce, kafin a sayi kaya mai tsada sai an karɓi farashi daga 'yan kasuwa uku, a ɗauki mafi sauƙi. Shi sai ya jera takardun ukun a kan tebur. Sunayen kamfanoni daban-daban, amma lambar waya ɗaya ce a ƙasan biyu daga ciki. Ko kuma kuskuren rubutu iri ɗaya a duka ukun, don a kwamfuta ɗaya aka buga su. Sai ya nemi rajistar kamfanonin a hukumar CAC, ya ga wanda ya ci kwangilar sati biyu kafin a fitar da ita aka yi masa rajista, daraktansa kuma ƙanen matar jami'in sayayya ne. Sai ya ɗauki lambobin asusun banki na 'yan kwangila ya gwada da na ma'aikata. Sai ya duba lambobin rasit: na watan Janairu lamba 41, na Afrilu lamba 42, na Yuli lamba 43. Wane irin shago ne wannan da bai sayar wa kowa komai ba cikin wata shida sai ƙungiyar nan kaɗai? Sai ya duba ko ana yanka ciniki gunduwa-gunduwa. In doka ta ce abin da ya kai naira miliyan 5 sai kwamiti ya zauna, za ka ga sayayya ta miliyan 4.9 sau huɗu cikin sati ɗaya, duk kaya iri ɗaya, duk wurin mutum ɗaya.

Akwai ma wata dabara ta lissafi da ake kira dokar Benford. A lambobin da suka taru da kansu, irin kuɗin ciniki na gaskiya masu yawa, lamba 1 ce ke zuwa a farko kusan sau 30 cikin 100, lamba 9 kuwa ba ta kai sau 5 ba. Mutumin da ke zaune yana ƙirƙiro lambobi daga kansa ba ya bin wannan tsari, sai kwamfuta ta nuna inda ya kamata a tona. Ba hujja ba ce ta kama mutum, alama ce kawai.

Amma duk wannan bai kai tashi a je a gani da ido ba. A je adireshin kamfanin a ga shago ne ko kango. A shiga kasuwa a tambayi nawa buhu yake a watan da aka ce an saya. A ɗora buhu a sikeli, a soke shi daga gindi ba daga baki ba. A je sansanin a tambayi matar da sunanta ke cikin takarda, mudu nawa aka ba ki? A nan Nijeriya, binciken da asusun Global Fund ya fitar a 2016 ya gano dala miliyan 3.8 da suka salwanta a wani sashe na ma'aikatar lafiya ta tarayya, ta hanyar takardun otal da na tafiye-tafiye da ba na gaskiya ba. Rasit ɗin otal ba zai taɓa gaya maka cewa babu wanda ya kwana a ɗakin ba, sai ka je ka buɗe littafin baƙi na otal ɗin.

To, a nan ne maganar hali ta shigo, kuma ita ce ta fi damuna. Duk dabarun nan ana koyon su cikin 'yan watanni. Abin da ba a koya a aji shi ne abin da odita zai yi in ya gano, alhali wanda ya gano ɗin shi ne ya ɗauke shi aikin, shi ne zai sa hannu a cekinsa, shi ne kuma zai ce a sake kiransa baɗi ko kada a kira. Wannan ita ce cutar da ke cikin sana'ar tun asali. A da, kamfanin Arthur Andersen na cikin manyan kamfanonin odit guda 5 na duniya. A shekarar 2000 kaɗai ya karɓi dala miliyan 52 daga kamfanin Enron, fiye da rabi ma ba na odit ba ne, na ba da shawara ne. Da Enron ya rushe a 2001 aka ga ɓarnar da ke ciki, ma'aikatan Andersen kuwa sun yi ta yayyaga takardu. Kotu ta kama kamfanin da laifi a 2002. Kotun ƙoli ta soke hukuncin a 2005, amma kafin nan kamfanin ya riga ya mutu, don babu mai son sa hannunsa kuma. Nan gida ma mun gani: a 2006 aka gano an kumbura lissafin Cadbury Nigeria da kimanin naira biliyan 13, a 2008 hukumar SEC ta ci tarar kamfanin da ke duba littattafansu, Akintola Williams Deloitte, naira miliyan 20. Waɗannan ba jahilai ba ne. Ilimi ba shi ne ya yi musu ƙaranci ba.

Kundin ladubban akantoci na duniya, wanda ƙungiyoyi irin su ICAN ke bi, ya tsaya a kan abubuwa biyar: gaskiya, rashin karkata, ƙwarewa da taka-tsantsan, riƙe sirri, da kame kai daga abin da zai zubar da mutuncin sana'a. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace biyu daga ciki kan yi karo, wato gaskiya da riƙe sirri. Ka gano an ci kuɗin marayu, ka kai wa shugabannin ƙungiya rahoto, suka ce mun gode, suka sa a durowa suka kulle. Sai ka yi yaya? Shekaru da yawa oditoci kan fake da riƙe sirri su yi shiru. Daga watan Yuli 2017 aka ƙara wani sashe a kundin da ya ce in abin ya saɓa doka, ɓarnar babba ce, kuma na sama sun ƙi ɗaukar mataki, odita zai iya kai maganar ga hukuma ba tare da an ce ya ci amanar sirri ba. Ni a ganina wannan shi ne daidai, har ma ya makara. Sirrin da odita ke riƙewa na ƙungiya ne, ba na ɓarawon da ke cikinta ba. Kuma masu ƙungiyar agaji na haƙiƙa ba su ne ke zaune a kan kujerun ofis ba. Wanda ya ciro daga aljihunsa ya bayar, da wadda aka karɓa da sunanta, su ne masu ita, kuma dukkansu ba sa cikin ɗakin a ranar da ake karanta rahoto.

Sai maganar goro. A al'adarmu baƙo in ya zo ana ba shi ruwa, in zai tafi a ce ga na mota. Abu ne mai kyau, amma ba ga odita ba. Malamanmu suna yawan kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya tura karɓo zakka. Da ya dawo aka yi masa lissafi, sai ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya yi faɗa a kai, ya nuna cewa in da mutumin a gidan iyayensa yake zaune, babu mai kawo masa wannan kyauta. Labarin na cikin Bukhari da Muslim. A lura da abu biyu: an yi wa sahabi lissafi, babu wanda ya ce hakan rashin yarda ne ko cin fuska, sannan an hana shi kyautar da kujera ce ta jawo ta. Wanda ya ci shinkafa da kaza a gidan ma'aji ranar Asabar, ranar Litinin idonsa ba zai iya ganin abin da ke shafi na bakwai ba. Ba sai an ce masa ya rufe ido ba, kunya ce za ta rufe masa.

Amma fa adalci ba gefe ɗaya yake ba, kuma wannan ɓangaren mutanenmu ba su cika son ji ba. Mai bincike na kirki ba ya shiga da niyyar kama wane. Ba ya fitar da sunan mutum kafin ya gama. Yakan fara kulle takardu da kwamfutoci kada a ɓatar, ya rubuta wanda ya ba shi kowace takarda da ranar da ya karɓa don kada a ce shi ya cusa, ya ji ta bakin na gefe, sai a ƙarshe ya zaunar da wanda ake zargi ya ba shi dama ya yi bayani. Wani lokaci farashin da ka ga ya yi tsada yana da dalili: hanya ta lalace, an rufe iyaka, ana cikin annoba direba ya ce sai an ninka masa. A rahotonsa kuma ba ya cewa wane ɓarawo ne, sai dai ya ce ga abin da takarda ta ce, ga abin da na tarar, ga giɓin da ke tsakani. Yanke hukunci na alƙali ne. Oditan da ya zama karen farautar wani ɓangare a rikicin shugabanci, da wanda ya karɓi goro ya yi shiru, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Haka kuma wanda zai damƙe yaron sito a kan buhu biyu ya tsallake mai gidan da ya sa hannu a kan tirela.

Yanzu bari in dawo gida. Kowane zango a kudancin ƙasar nan yana da asusu: na ginin masallaci, na makarantar Islamiyya, na marayu, na kai gawa gida, na abincin azumi. In wuta ta tashi a kasuwa ko rikici ya auku, irin wanda ya faru a Shasha a watan Fabrairu 2021, taimako kan shigo daga Arewa da Kudu, kuɗi da buhuna. Ba ina zargin kowa ba ne, kuma na san dattawa da yawa da ke cikawa daga aljihunsu in asusu ya gaza. Tsarin nake magana a kai. Sau nawa muka ga mutum ɗaya shi ne mai cewa a saya, shi ne mai zuwa kasuwa, shi ne mai karɓar kaya, shi ne mai riƙe makullin sito? Sau nawa aka naɗa odita a ƙarshen zaɓe, bayan an gama rabon manyan muƙamai, don kada wane ya tashi hannu rabbana? Galibi ma surukin shugaba ne ko yaronsa na rumfa. Ranar taron shekara sai ya miƙe ya ce ya duba komai lafiya lau, a yi kabbara a watse. In wani matashi ya ɗaga hannu ya ce nawa aka sayi buhun siminti, sai a ce ba shi da kunya, ɗan wa ye ma?

Ga kuma inda abin ya taɓa mu kai tsaye, mu 'yan kasuwa. Zambar sayen kaya ba ta yiwuwa da mutum ɗaya, dole sai da mai sayarwa. Ƙungiyoyin da ke rabon abinci a gidajen marayu da asibitoci da gidajen yari a nan Kudu, a wurin wa suke sayen wake da masara da gero da albasa? A wurinmu. Babu ɗan rumfar da bai taɓa jin wannan magana ba: "Alhaji, a rubuta mini kaza a rasit." A ce misali an yi ciniki buhu naira 80,000, shi yana so a rubuta 95,000. Ko ya ce a ba shi rasit fari da hatimi, zai cike da kansa. Mahaifina ba ya yi, kuma na ga cinikin buhu 60 ya bar rumfarmu a kan haka, bai yi nisa ba ya sami mai rubutawa. Wanda ya rubuta ɗin in ka tambaye shi zai ce shi bai ci ko kwabo ba, kuɗinsa na halal kawai ya karɓa, abin da ke tsakanin mutumin da ofishinsu ba ruwansa. Wannan ba gaskiya ba ce. La'adar dillali kowa ya san da ita, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani. Wannan kuwa an ɓoye ta ne ga mai kuɗin, kuma alƙalaminka ne ya ɓoye ta. A kan buhu 60, naira 900,000 ke nan, fiye da buhu 11 da ba za su isa tukunyar marayu ba. Ranar da mai binciken ƙwaƙwaf zai zo, sunan rumfarka ne a saman takardar, ba na wanda ya roƙe ka ba.

Na san hujjar da ake kawowa, kuma ba zan ce ba ta da nauyi ba. Ana cewa mu baƙi ne a nan, in muka tona asirin junanmu 'yan gari za su yi mana dariya, gobe a yi mana gori da shi. Ana kuma cewa in labari ya fita masu bayarwa za su janye hannu, marayun da ake cewa ana karewa su ne za su kwana da yunwa. Manyan ƙungiyoyin duniya ma wannan tsoron ne ke sa su ɓoye rahoto. Amma a duba abin da ya faru da Red Cross. Ita ta fito ta faɗi adadin, ƙasa bayan ƙasa, ta ba da haƙuri, ta ce daga yanzu za ta rage kashe tsabar kuɗi a hannu a wuraren da ke da haɗari, kuma za ta riƙa tura oditoci tun farkon aikin gaggawa maimakon bayan an gama. Ta ji kunya, amma tana nan tana aiki. Mu kuma me rufin asirin ya haifar mana? Mutane ba su fasa sani ba, a majalisa da wurin mai shayi kowa na faɗa. Abin da suka fasa shi ne bayarwa. Attajirin da a da zai aiko da kuɗi, yanzu sai ya ce a gaya masa abin da ake buƙata ya saya da kansa, ko ya yi shiru gaba ɗaya. Rufin asiri na wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda ke riƙe da dukiyar jama'a yana ci, in ka rufa masa ka tona wa marayu.

Kuma ko ba mu so, zamani ya canza. Ƙungiyoyinmu da yawa sun yi rajista da CAC don su sami damar buɗe asusun banki. Dokar kamfanoni ta CAMA da aka sa wa hannu a watan Agusta 2020, a sashe na 839, a lokacin ta ba hukumar ikon dakatar da amintattun ƙungiya a naɗa masu riƙo in an sami almundahana ko rashin iya tafiyar da dukiya. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan sashen, musamman daga shugabannin coci-coci. Ko mutum na goyon bayansa ko ba ya yi, gara mu duba kanmu da kanmu kafin wani ya zo daga Abuja ya duba mu.

Abin da nake gani ba ya buƙatar digiri ko kuɗi mai yawa. Kada wanda ya je kasuwa ya zama shi ne mai karɓar kaya a sito. Wani daban ya ƙirga, ya auna, ya sa hannu. A daina biyan manyan kuɗi hannu da hannu tunda yanzu ko mai sayar da ruwa yana karɓar tiransifa, kuma kuɗin su tafi asusun mai rumfar, ba na wanda aka aika ba. Odita kuwa jama'a su zaɓe shi, ba shugaba ya nuna shi ba, kada ya zama yana ci a ƙarƙashin wani daga cikin shugabanni, kuma rahotonsa a gaban taro zai karanta, ba a ɗakin shugaba ba. In asusun ya yi girma, a ɗauko na waje a biya shi daga asusu, a kuma sauya shi bayan 'yan shekaru kafin sabo ya shiga. Muna da yara a zangunan nan da suka karanta akanta a Ibadan da Ikko suna zaune ba aiki. Na Agege ya zo ya duba na Sabo, na Sabo ya je ya duba na Agege, inda ba shi da kawu ba shi da suruki.

Sannan a samar wa yaron sito da direba hanyar da za su yi magana ba tare da an kore su ba, tunda mun ga su suka fi kowa gani. Ko da dattijo ɗaya ne amintacce wanda ba ya cikin kwamiti, da kowa ya san in an kai masa magana zai bincika kuma ba zai faɗi wanda ya kawo ba.

Ga shugabannin kasuwanninmu kuma, sarkin hatsi da na albasa da na tumatir, ina roƙo da girmamawa. Kuna da ikon hana mutum ciniki in ya ci bashi ya ƙi biya, kuna da ikon cin tarar wanda ya yi wasa da mudu. A sa rasit ɗin aringizo da rasit fari a cikin wannan layi. In rumfa ɗaya ta ƙi rubutawa, ciniki ne kawai zai matsa gaba. In layin gaba ɗaya ya ƙi, mai neman a rubuta masa sai ya ɗauki mota ya tafi wata kasuwar, can ma in an yi magana da su ya tarar da ƙofa a rufe. Wannan magana ce da za a iya gamawa a zama ɗaya bayan sallar la'asar.

Wassalam, daga Sabo, Ibadan.